Gambarmu ta zama annoba a Ostiraliya, mu ko muna nemanta da kuɗi

Ɗan Tibiri:
Assalamu alaikum jama'ar gurup, barkanmu da marece. Don Allah wa ya ga bidiyon nan na ƙasar Ostiraliya da ke yawo? Wallahi sau uku na kalle shi ban yarda da idona ba. Wasu turawa ne goye da pompi suna hesa magani bisa wata ciyawa doguwa da ta hi su tsawo nesa ba kusa ba, can gaba kuma anka nuna jirgi mai saukar ungulu yana zuba ruwa bisa wuta, ina dubawa da kyau sai na ga ai gamba ce, gambar nan dai tamu ta zana, kuma su ma da bakinsu gamba suke ce mata. Wai annoba ce gare su. Ni ko satin da ya wuce sai da na sha yawo kahin in samu zana mai kyau ta gyaran runhwar tsohuwata. To ƙaƙa anka yi abin da muke nema da kuɗi wasu ke kashe kuɗi don su hallaka shi? Masu sani a warware muna.

Mai Zana (Sabon Gari):
Wa alaikumus salam. Ƙanena anya ba kama ba ce? Ciyawa na kama da ciyawa hwa. Ni shekara 20 da ɗoriya ina saƙar zana, wurin babana na gada, ban taɓa jin inda gamba ta cuci wani ba. Ita ce runhwa, ita ce rumbu, ita ce dangar gida, in ta tsuhwa ma ba a yar da ita, murhu na jiranta. Yanzu haka damin da nike saye rabinshi cakuɗe yake da wasu karare, gamba zalla sai ka yi alkawali da mutum tun da damana ka ba shi kuɗi gaba.

Malamin Gona:
Malam Mai Zana ba kama ba ce, ita ce. A littahi sunanta Andropogon gayanus, amma sunan Hausar ne ya bi ta har can. Ba da kanta ta tahi ba, kai ta anka yi. A 1931 ne masanan kiwo na can sunka shigar da ita arewacin ƙasar don su gwada ta a matsayin abincin shanu, kuma ta yi masu daɗi ƙwarai, don tana jure rani, saiwarta na nitsewa ƙasa, tana riƙe ɗanyen ganye bayan sauran ciyayi sun bushe. Sai da anka shekara da shekaru ana raba iri ana ce ma masu shanu su shibka. Daga baya ta ƙetare shingen gonakin kiwo ta bi bakin hanyoyi da magudanan ruwa ta shiga daji. A 2008 anka ayyana ta muguwar ciyawa a jihohin arewacin ƙasar, a 2012 kuma ta shiga jerin ciyayin da ƙasar baki ɗaya ke yaƙi da su. Yau a wajajen birnin Darwin gwamnati ke ba mutane maganin heshi kyauta don su kashe ta a hilayensu. Birazil ma sun karɓe ta, a 1980 sunka hitar da irinta ga makiyaya, su ma yanzu tana shiga masu dajin da ba a so ta shiga.

Mai Zana (Sabon Gari):
Ikon Allah sai kallo. To Mushe mi ta yi masu takamaimai? Ni dai har yanzu ban ji laihinta ba.

Malamin Gona:
Wuta, Malam. Laihinta wuta. Bari ɗiyarmu ta jami'a ta yi bayani, na san ta karanta wannan sosai.

Ɗalibar Jami'a:
Na gode Mushe. Baba Mai Zana, abu na farko ruwa ne. Mu nan Maradi abin da muke samu a shekara wajen milimita 500 ne, Darwin kuwa suna samun wajen 1,700, ka ga ya ninka namu fiye da sau 3, shi ya sa gambar da ka sani can takan kai mita 4 kuma ta yi cunkus gindi na gogar gindi. Na biyu mutane. Jihar nan ta arewa da Darwin ke ciki ta fi Nijar gaba ɗayanta faɗin ƙasa, amma mutanenta wajen 250,000 ne, ba su kai mutanen birnin Maradi kaɗai ba. To wa zai yanke ta? Ba mai zana, ba mai jinka, ba mai rumbu, ba yaro da lauje yana nema ma tunkiya, shanunsu kuma suna cikin shinge, wadda ta fita daji ba bakin da ke taɓa ta, haka nan take tsayuwa shekara ta bushe ta taru.

Ciyayinsu na asali gajeru ne marasa kauri, in wuta ta kama su takan bi ƙasa ƙasa ta wuce itatuwa su tsira, dama ƴan asalin ƙasar tun kaka da kakanni suna sa ƙaramar wuta da farkon rani don gyaran daji. Gamba kuwa ba ta bushewa da wuri, sai can ƙarshen rani lokacin da zafi da iska suka yi ƙarfi, sannan in ta kama harshen wutar har kan itace yake kaiwa. Masu bincike na can sun auna sun ga zafin wutarta na iya kai ninki 8 na wutar ciyayinsu. Itatuwan turare da suka saba da ƙaramar wuta sai su ƙone har sama, a yi haka sau biyu sau uku itacen ya mutu, ita kuwa da ruwa ya sauka sai ta toho daga gindi ta ƙara samun fili da rana. Gandun dajinsu na Litchfield da ke kudu da Darwin da wannan yake fama, haka gidajen mutane na ƙauyukan kewaye.

Direban Dakoro:
To ni tambayata ta gaskiya ce. Tunda sun rasa yadda za su yi da ita mu kuma muna so, ba a iya ɗaure ta dami dami a yi lodi a kawo? Ko a ɗauki samarinmu da ke zaune ba aiki su tahi su yanke masu? Na rantse wata guda in anka saki mutanen Mayahi da lauje sai an nemi gamba an rasa

Ɗalibar Jami'a:
Kawu kuɗin jirgin ruwa daga can zuwa Kotonu sannan a hau mota zuwa nan ya fi ƙarfin kuɗin zana nesa. Yanka kuma ba ya kashe ta tunda gindin na nan, sai dai ya rage abin da wuta za ta ci, kuma sai an maimaita kowace shekara. Ɗaukar busasshiyarta daga wuri zuwa wuri ma yana cikin abin da ya baza masu ita, irin mara nauyi ne mai gashi gashi, yana maƙalewa a mota da injin yankan ciyawa, shi ya sa suka hana safararta.

Ɗan Rugga (Bermo):
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma wallahi zuciyata ta sosu. Ku kuna maganar zana, ni maganar nagge nike. Mahaihina ya sha ba mu labari in sunka gangaro kudu da kaka akwai wuraren da saniya ke shiga cikin gamba sai dai ka ji motsinta, ni da wayona na tarar da saura saura a gehen gulbi da wajajen Baban Rafi. Amhwaninta gare mu ba lokacin da ta yi kara ba ne, lokacin bazara ne, da ruwan hwarko ya taɓa ƙasa ita ce ke hwara toho tun sauran ciyayi ba su hito ba, a daidai sa'ar da dabba ta rame har sai an ɗaga ta. Wannan tohon ya ceci shanu da yawa. Yau ku bi burtali ku gani mi ke ciki. Garmani. Daga nan har inda ido ya tsaya garmani, kore shar kamar abin kirki amma saniya ta sunsuna ta wuce. In annobar ciyawa kuke nema ba sai kun je Ostiraliya ba, ga ta nan ƙohwar gidanmu. Kuma a hwaɗi gaskiya manoma ne sunka kai mu nan, an nome saura, an nome bakin tabki, an ci burtali har ya koma kamar hanyar ƙahwa, ɗan abin da ya rage kuma masu amalanke sun bi da manjagara sun kwashe sun kai birni

Tsohon Manomi (Gazawa):
A'a ɗan uwa, tsaya. Kar a ɗora muna kaya duka. Ni na ga gambar da kake magana da idona, iyakar gonar babana da ta maƙwabcinshi gamba ce layi guda, ba a buƙatar shaida in gardama ta tashi. Mi ya kashe ta? Hwari na 1973 ya rage ta, shekarar El Buhari 1984 ta ƙarasa da yawa, wanda ya tsira kuma da ya toho sai dabba ta gwaguye shi har ƙasa, ya sake toho a sake gwaguyewa, gindi nawa ne za ya jure haka? Batun saura kuma, gonar da babana ya noma shi ɗaya yau gida 9 ke cin tuwo cikinta, wa za ka ce ma ya bar tashi ta huta shekara 3, ya ci mi? Garmani kuwa ka duba da kyau inda ya hi yawa, inda dabbobi ke kwana ne da inda suke bi, ɗiyan na bin kashinsu da ƙahwahunsu. Cikin gonata in ya hito hauya ɗaya ce, ba ya kwana.

Ɗan Rugga (Bermo):
Baba da girmanka, amma dabba ta taru wuri ɗaya ne don an matse ta. Tun 1961 akwai dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, je ka ga inda gonaki sunka kai yau. Dokar kiwo ta 2010 ta yi maganar kwasar ciyawa a wuraren kiwo, wa ke bi? In anka kwashe busasshiyar ciyawa da manjagara har da irinta ake tahiya, ƙasa ta zauna tsirara, baɗi mi za ya hito in ba garmani ba

Tsohon Manomi (Gazawa):
To ai mai sayen ciyawar ba manomi ba ne. Tambayi masu tumaki cikin birni.

Admin:
Jama'a a yi haƙuri da juna don Allah. Baba da Malam na Bermo duk kuna da girma a wurinmu. Maganar iyaka da burtali akwai kofo, wato hukumar kula da harkar filaye ta komin, can ne wurinta. Mu tsaya bisa ciyawar.

Hajiya Mai Kiwo:
Baba ya taɓo mu kuma bai yi ƙarya ba. Ni ina da raguna da nike turkewa saboda layya, duk rani ina sayen ciyawa amalanke guda ko biyu, kuma Allah ya sani ban taɓa tambayar daga ina anka kwaso ta ba sai yau da Malam ya yi magana na ji nauyi. Amma mi za mu yi, da kiwon nan nike biyan kuɗin lakkwal na yara huɗu, harawa da dusa kuma kun san yadda sunka yi tsada. In da akwai inda ake noma ciyawar a sayar muna ai mun hi so.

Malamin Gona:
Baba da Malam kowa ya riƙe gehe guda na gaskiya. Garmani dai ba dangin gamba ba ne, ɗan ƙaramin tsiro ne mai kara da ganye mai gashi, danginshi su rama da kuɓewa. Amma hanyar da ya bi ya ci burtalinmu ita ce hanyar da gamba ta bi ta ci dajin waɗancan, wato ya samu wurin da ba mai taɓa shi kuma ba mai gasa da shi. Dabba na cin kyasuwa da komayya da gamba tun ba su zuba iri ba, shi ko tana ƙyale shi ya yi hure ya zuba ɗiya son ranshi, shekara 5 a haka wa kuke ga za ya gaji wurin? Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Shi ya sa aikin tuge garmani da purje purje ke biyan mutane su yi ba ya ɗorewa in tugewa kawai anka yi, na ga wurare da dama an tuge an tara an ƙone an ɗau hoto, bayan damana biyu ya dawo kamar ba a taɓa ba, don ɗiyan na cikin ƙasa. Inda na ga abin ya kama shi ne inda anka tuge tun bai yi ɗiya ba, anka watsa irin kyasuwa da sauran ciyayi nan take, kuma gari da makiyaya sunka yarda a huta ma wurin har ciyawar ta zuba iri.

Mai Zana (Sabon Gari):
Karan garmanin ma yanzu ana saƙa zana da shi saboda rashi, ni ma na saƙa. Tana rufe ido dai amma ba a haɗa ta da ta gamba, ko a hannu ka ji bambanci.

Hajiya Mai Kiwo:
To Mushe ni abin da ke ba ni tsoro, kuna ta cewa a shibka gamba a shibka gamba, in munka cika ƙasa da ita ba za ta juye muna kamar yadda ta yi ma turawan ba? Ku tuna hwa gobarar daji da ake yi wajajen Dakoro da Bermo da kaka, ciyawar da ba ta wuce gwiwa ba ma ga ɓarnar da take yi, ina ga mai tsawon ɗaki

Ɗan Rugga (Bermo):
Hajiya tsoronki na da dalili, wanda bai ga gobarar daji da iskan hunturu ba bai san tashin hankali ba, abincin shekara guda ke tahiya cikin yini ɗaya, shi ya sa duk bayan damana ake share hanyoyin tare wuta. Amma gamba ba ta kai nan gare mu. Wallahi ko gindi ɗaya ya tsaya a daji mutum 10 ke da ido bisanshi.

Malamin Gona:
Haka ne. Nan gidanta ne Hajiya, da ita da dabbobinmu da gara da ƙwarinmu tare sunka tashi, ruwanmu kuma bai isa ta yi haukan da take yi can ba. Abin da nike ce ma mutane shi ne layi a iyakar gona ko a bakin ramukan rabin wata na tare ruwan sama, a yanke duk kaka. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore ta yi gwajin layin gamba don tare iska a gonar hatsi tun shekarun baya. Abin kiyayewa ɗaya, kar a bar busasshiya tsaye kusa da rumbu ko gida.

Tsohon Manomi (Gazawa):
Mushe ni ina da ja a nan. Ku ma'aikata kuna hwaɗin daɗin kawai. Gamba a iyaka tana cin layin hatsin da ke kusa da ita, wannan na gani ba labari ba. Tana ɓoye ɓera, tana ɓoye maciji, jikana saura kaɗan kububuwa ta sare shi a gindin gamba. Sannan ka yi wahala ka raine ta, dare ɗaya wani ya zo da lauje ya yanke tun ba ta ƙosa ba, ko bayan an saki gonaki dabba ta cinye. Mai kadada ɗaya da iyali 12 layi guda na hatsi ba wasa ba ne gare shi

Saurayin Jiratawa:
Baba ka yi mani izini in sa baki, ni ƙaramin kowa ne nan amma na gwada. Shekara 4 ke nan da na ɓantaro gindi daga gonar kawuna na dasa gehen gabas na gonarmu ta tudu, wajen da iskan hadari ke shigowa. Gaskiyarka ce layin da ke jikinta ba ya yin kai mai kyau. Amma a da duk shekara sai mun yi shibka biyu wani lokaci uku a wannan gehen don rairayi na binne tsiron ko ya ƙone shi, tun shekara ta biyu da gambar ta kama ba mu sake maimai ba a nan, kuma in ka duba gindinta ƙasa ta taru har ta yi tudu, wannan ƙasar da can gonar wani take tahiya. Bara na yanka na yi zana ta gidanmu na sayar da saura, ganyen kuma tumakin inna sunka ci. Ɓarayi kam akwai, sun yanke mani sau ɗaya na ji zahi ƙwarai, abin da na koya shi ne in riga su. Maciji kuma ina share gindin ne da rani, ba na barin ganye ya taru

Tsohon Manomi (Gazawa):
Da iri ka shibka ko dashe?

Saurayin Jiratawa:
Dashe Baba. Na gwada iri ya ba ni wahala, rabi iska ta kwashe rabi bai hito ba. Gindi za ka samu babba ka tsaga shi da gatari ko kalme, kowane ɓangare da saiwarshi, ka rage ganyen, ka dasa bayan ruwa ya zauna sosai ƙasa na da sanyi, taki ɗaya tsakani. Shekarar hwarko kar ka yanke ƙasa ƙasa.

Alaramma:
Assalamu alaikum. Ina ta bin maganar tun ɗazu. Akwai amhwani guda da ba wanda ya ambata, alƙalami. Duk wanda ya yi karatun allo a ƙasar nan ya san alƙalamin gamba, a zaɓi kara mai ƙwari wanda ya ƙosa a here shi a tsaga bakin, yana riƙe tawada yana tahiya bisa allo sumul. Da shi munka rubuta tun daga baƙi har sauka. Yanzu almajiraina sai in ba da saƙo ƙauye kahin a samo mai kyau. Da na ji ana zuba mata guba a wata ƙasa sai da raina ya ɓaci, amma da ɗiyarmu ta yi bayanin itatuwan da ke ƙonewa da gidajen mutane na gane su ma ba don ƙeta suke yi ba, abin da anka ba su amana suke karewa. Allah ya sawwaƙe masu, mu kuma ya maido muna da ita.

Ɗan Tibiri:
Amin Alaramma. To ni yanzu wani tunani ya zo mani. Kwanakin nan Facebook cike yake da masu tallar karan wasu ciyayi na waje, wai ka dasa ka yi ta yanka shekara da shekaru, har na yi niyyar saye in sa a garkarmu. Ba irin wannan ne turawan sunka yi da gamba ba?

Malamin Gona:
Ka taɓo inda nike so a zo. Waɗanda sunka kai gamba can ba jahilai ba ne, masana ne irina masu takarda, kuma alheri sunka nuhwa, abin da ke cikin shinge sunka duba ba su duba abin da za ya hwaru in ta hita ba. Mu ma an yi muna. Itacen ƙayar nan porsopis da anka kawo don tare hamada ku tambayi mutanen Diffa yadda ya cike gaɓar tabkin Cadi. Ba na cewa duk abin waje sharri ne, dogon yaro daga Indiya ya zo ga shi muna shan inuwarshi. Wasu ciyayin da ake tallar da kara ake dasa su kuma ruwa suke so da yawa, a tudu ko ka roƙe su ba su rayuwa, amma bakin gulbi da hwadama da kewayen tabkin Madarunhwa wani abu ne daban, can ne nike jin tsoro. Kahin ka sayi abin da ba ka san sunanshi na gaskiya ba ka ɗauki samhur ka je cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna ko sashen noma na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ka tambaya, tahiyar kabu kabu ce.

Ɗalibar Jami'a:
Kyasuwarmu ma tana cikin ciyayin da ke damunsu a arewacin Ostiraliya, har da dogon yaron da Mushe ya ambata. Kuma Baba na Gazawa na san ka san wannan, Tony Rinaudo da ya zauna nan Maradi ya tsaya kan sassaben zamani tun 1983 ɗan Ostiraliya ne. Bai kawo iri daga ƙasarsu ba, kututturan sabara da kalgo da ke cikin gonakinmu ya ce a bar su su tashi.

Tsohon Manomi (Gazawa):
Na sani ɗiyata, lokacin mu ma cewa munka yi itace za ya cinye muna hatsi, yau gawo 14 ke cikin gonata ba mai taɓa mani ko ɗaya. To shi ke nan. Yaro na Jiratawa, in Allah ya kai mu damana ka tsaga mani gindi ko 20 ne in gwada gehen gabas, amma in ta ci mani layi biyu zan dawo nan in hwaɗa gaban kowa.

Saurayin Jiratawa:
An gama Baba, in sha Allah. Sai dai ranar da anka tsaga ranar ake dasawa, ba ta son kwana a buhu.

Direban Dakoro:
Ina da abokin aiki mai bin layin Tasawa kullum da sahe, ta Gazawa yake wucewa, ku bar mani wannan

Mai Zana (Sabon Gari):
Duk wanda ya dasa ya riƙe lambata, ni zan saye tun tana tsaye. Amma a bari ta ƙosa don Allah, wadda anka yanke ɗanya ba ta shekara biyu a runhwa.

Ɗan Rugga (Bermo):
Madalla da na gona. Amma Mushe ba ka ba ni amsar burtali ba. Gambar da ke iyakar gonar Baba ta Baba ce, naggena ba ta ganinta sai an saki gonaki, lokacin kuma an riga an yanke. In munka yarda munka kauce ma wani yanki na burtali damana biyu don ciyawa ta zuba iri, wa za ya tsaya muna kar mu dawo mu tarar an shibka wake a wurin?

Malamin Gona:
Wannan sai da takarda, Malam, da sa hannun mai gari da na ardo da na kofo, a kahwa alamomi kahin a tuge ko tsiro ɗaya. Ranar litinin ina ohis, in kana shigowa kasuwa ka biyo mu zauna, ka taho da sunan burtalin da garuruwan da ya ratsa.

Ɗan Rugga (Bermo):
Litinin ba ni samu, muna shayarwa. Juma'a bayan masallaci in Allah ya yarda, zan zo da yayana shi ya hi ni sanin inda tsohuwar iyakar take.